Fina-finan hutun Disamba: me suke koya wa yaranmu game da kyauta da iyaye?

Baban Hanifa, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye 'yan'uwana a kan wani al'amari da yake dawo mini duk ƙarshen shekara. Da zarar an ba da hutun zangon farko a watan Disamba, sanyin hunturu ya hana yara fita wasa da sassafe da kuma bayan magariba, sai talabijin da waya su zama abokan zamansu, kuma a daidai wannan lokacin ne tashoshin yara na tauraron ɗan adam da YouTube suke cika da fina-finan Kirsimeti na Amurka da Ingila. Yarana uku ne, babbar tana aji biyar na firamare, kuma a bana na zauna na kalli da yawa daga cikin fina-finan tare da su, domin ba na son in hana abin da ban san cikinsa ba.

Akwai alheri a cikinsu, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi shiga raina shi ne labarin wani attajiri marowaci mai ƙuntata wa ma'aikacinsa, wanda a dare guda aka nuna masa yarintarsa da halin da yake ciki da kuma yadda zai mutu babu mai zubar masa da hawaye, gari ya waye ya zama mai buɗaɗɗen hannu. Asalinsa littafi ne da aka buga a Ingila a 1843, an kuma mayar da shi fim da katun sau da dama. Da aka gama, ɗana na tsakiya ya tambaye ni ko mai gadin layinmu yana da bargo. Fim ɗin da ya jawo wannan tambayar daga bakin yaro ba zan raina shi ba.

Yarana suna zuwa Islamiyya, sun san bikin ba namu ba ne, don haka ba a nan damuwata ta fi ƙarfi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matsayin da ake ba yaro a cikin labarin. A mafi yawan waɗanda na gani, yaro mai karɓa ne kawai. Zai rubuta jerin abubuwan da yake so, ya aika wa tsohon nan mai jajayen kaya da farin gemu da suke kira Santa, ya kwanta barci, da safe ya tarar da kwalaye jibge a gindin bishiya. Idan kwalin da ya nema ya zo, an ƙaunace shi ke nan; idan bai zo ba, gida ya zama gidan makoki har sai wani ya kawo. Uban da ya yi gumi ya sayi kayan kuwa ba a gode masa, domin an ce wani ne ya shigo ta bututun hayaƙi ya ajiye. A sallarmu yaro ɗan aike ne kafin ya zama mai karɓa. Shi ake ɗora wa kwanon abinci ya kai gidan maƙwabta, shi ake ba ƙullin naman layya ya kai wa gwaggonsa a Ƙofar Sauri, ya durƙusa ya gaishe ta, ya isar da saƙo, ya dawo da amsa. Goron sallar da yake samu daga hannun da ya gani yake fitowa, bayan gaisuwa, kuma ya san wanda zai yi wa godiya.

Abu na biyu shi ne yadda ake nuna iyaye. Kusan kullum yaron ya fi ubansa hankali: uban ko dai shashasha ne, ko mai mantuwa, ko aiki ya ɗauke masa hankali, yaron ya ɗaga masa murya ya buga ƙofa, a ƙarshe kuma uban ne yake durƙusawa ya ba da haƙuri. Akwai wani sananne na 1990 inda yaro ya faɗa wa mahaifiyarsa ido da ido cewa ba ya son ya sake ganin danginsa, ko da yake daga baya ya yi kewarsu. Kewar ba ta zauna a kan yarana ba, salon maganar ne ya zauna. Ana cikin hutun mahaifiyarsu ta sa Hanifa wanke-wanke, sai ta juya idanu sama, ta ce ba a yi mata adalci ba, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Shin ku hanawa kuke yi gaba ɗaya, ko tacewa, ko zama tare da su? Kuma yaya uban da yake kasuwa daga safe har magariba zai iya tace abin da ake kallo a bayan idonsa?

Maman Sadik, Daura

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Allah ya saka da alheri da ka zauna ka kalla kafin ka yi magana. Ni malamar firamare ce, kuma duk watan Janairu ina ganin abin da hutu ya bari a bakin yara, domin makon farko na komawa makaranta ba su da hira sai ta abin da suka kalla.

Maganarka ta mai karɓa da ɗan aike ta tuna mini cewa mu ma muna da tsoho mai farin gemu. A tashen watan azumi, wanda ake farawa idan wata ya kwana goma, yaro yakan manna gemun auduga, ya ranƙwafa a kan sanda yana tari, abokansa suna bin sa gida-gida suna roƙon a taimaki tsoho domin ƙarfinsa ya ƙare. Tsohon fim yana zuwa ne ya cika wa yara hannu, tsohon tashe kuwa yana zuwa ne a tausaya masa, kuma yaron da ya yi wannan wasan ya ɗanɗani tsufa a jikinsa na ɗan lokaci. A wannan ɓangaren ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Amma a kan batun uba, ka yi haƙuri, ina da ja. Mu raba abu biyu da ka haɗa: salon maganar yaron, wanda rashin kunya ne kuma ba mu yarda da shi ba, da ƙorafin da yaron yake yi, wanda sau da yawa gaskiya ne. Ƙorafin shi ne uban ba ya gida. Wannan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. A nan garin akwai magidantan da suke fita tun yara ba su tashi ba, daga kasuwa su wuce majalisa ko teburin mai shayi, ba za su shigo ba sai yara sun yi barci, har ta kai yaro ya fi sanin ƙarar babur ɗin ubansa fiye da hirarsa. Na taɓa sa 'yan aji huɗu su rubuta abin da suka fi so a hutu, wata yarinya ta rubuta cewa ranar da ruwan sama ya hana babanta fita ita ce ta fi mata daɗi. Idan fim ya sa irin wannan uban ya ji kunya ya zauna, to ya yi aikin da mu mata muka daɗe muna yi ba a saurare mu ba. Kuma ba da haƙuri ga ɗa ba ya rage wa uba girma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba.

Sannan kada mu ɗauka namu labaran duk wa'azi ne. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, mai haɗama, kuma ba kullum yake shan kashi a ƙarshe ba. Wani lokacin ya cuci Ƙoƙi ko ya yaudari zaki ya tsira lafiya. Abin da ya sa tatsuniyarsa ba ta ɓata mu ba shi ne kaka tana zaune a gabanmu, tana ganin fuskokinmu a hasken fitila, idan ta ga wani ya yi dariya a inda bai kamata ba sai ta tsaya ta tambaye shi. Idan ta gama kuma ta rufe da ƙurunƙus, ta faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, kowa ya tashi ya san ƙage ya ji. Talabijin ba ta ganin fuskar yaro, ba ta kuma faɗa masa inda ƙage ya ƙare.

Abin da nake yi a gidana shi ne fim ɗaya a yini, bayan an dawo daga Islamiyya, a falo inda nake iya jiyo sauti daga kicin. Idan aka gama nakan tambaye su wane ne ya ba wani abu a fim ɗin, kuma me ya rasa saboda bayarwar. Ƙaramin cikinsu da bai kai shekara biyar ba ba ya wuce awa ɗaya, kuma wannan ba ra'ayina ba ne kawai: shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa a nisanta shi da shi. A ƙarshe, yaran da aka kai su suka ga Hawan Magajiya ko Sallar Gani da idonsu, ko aka tsaya da su a bakin rijiyar Kusugu aka ba su labarin Bayajidda da Daurama, suna dawowa makaranta da abin faɗa na kansu, ba sa jin bikin wasu ya fi nasu armashi.

Ɗan Kafur

Salama gare ku. Ni Bahaushe ne Kirista, ina aiki a Katsina, iyalina kuma suna tare da ni, kuma na ga ya kamata in sa baki domin kada a ɗauka abin da ke cikin fina-finan nan shi ne Kirsimetinmu. A yawancinsu ba za ka ji an ambaci haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami ba, ba za ka ga majami'a ba, sai shaguna da fitilu da kwalaye. Kirsimetin da na tashi na gani a ƙauyenmu shi ne sabon ɗinki, sujada a majami'a tun da safe, waƙoƙin zumuntar mata, sannan a dafa shinkafa da nama a zuba a kwanuka, mu yara mu ɗauka mu bi gidajen maƙwabtanmu Musulmi muna rabawa, kamar yadda 'ya'yansu suke kawo mana naman layya idan babbar salla ta zo. Ɗan aiken da Baban Hanifa ya kwatanta, ni ma na yi shi.

Shi kansa Santa an sauya masa kama. Asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, kuma labarin da aka fi saninsa da shi shi ne na wani matalauci mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin da zai aurar da su, Nikolas ya riƙa jefa masa ƙullin zinariya cikin dare domin kada mutumin ya ji kunyar karɓa. Ɓoye hannun mai bayarwa a nan don rufin asirin mabuƙaci ne, kuma na san addinanmu biyu duk suna yabon sadakar ɓoye. Siffar tsohon mai ƙiba da jajayen kaya kuwa, tallan Coca-Cola da aka fara a 1931 ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ta a duniya. Da haka labarin rufa wa matalauci asiri ya koma labarin ƙara wa mai shi abin wasa.

Damuwarku damuwata ce, watakila ma tawa ta fi, domin ni ba zan iya ce wa 'ya'yana bikin ba namu ba ne. Bara ƙaramar ta yi kuka saboda babu bishiya da kwalaye a ɗakinmu, alhali tana sanye da sabon kaya da sabon takalmi. Na zaunar da ita na faɗa mata wanda ya saya, da watannin da mahaifiyarta ta yi tana zubin adashi kafin kuɗin su taru, na ce ta je ta gode mata.

Abu Mus'ab, Rafin Daɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa Ɗan Kafur da ya fayyace mana bambancin bikinsu da abin da 'yan kasuwar fim suke sayarwa, kuma maganata ba a kan maƙwabtanmu take ba. Sai dai, Baban Hanifa, ina ganin ka wuce batun aƙida da sauri. Yarinya 'yar aji biyar za ta iya rarrabewa, amma ɗan shekara huɗu ko biyar fa? Ana nuna masa wani wanda yake ganin kowane yaro a duniya ko yana barci ko yana farke, ya san wanda ya yi kirki da wanda ya yi ɓarna, ana roƙonsa kuma yana biyan buƙata. Waɗannan siffofi ne da muke ƙoƙarin koya wa yaro a daidai wannan shekarun cewa na Allah ne shi kaɗai, kuma a cikin fina-finan wanda ya ƙi yarda da tsohon shi ake nunawa a matsayin mai busasshiyar zuciya.

Akwai kuma batun yi wa yaro ƙarya don a faranta masa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta da alƙawarin za ta ba shi wani abu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. A gidana wanda bai kai shekara bakwai ba ba ya kallon irin waɗannan. Manyan kuwa ina barin su su kalli wanda na riga na gani, irin na marowacin da ka ambata, domin darasinsa ya dace da hadisin da ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa.

Mai Shagon Waya, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ban yi aure ba tukuna, amma sana'ata gyaran waya da tura fina-finai ce, don haka zan amsa tambayar Baba ta ƙarshe, ta yadda za a tace abin da ake kallo a bayan ido.

Yawancin abin da yara suke kallo ba ta talabijin yake shigowa ba, ta wayar uwa yake shigowa. Yaro zai zo shago da waya ko memori ya ce an aiko shi a cika masa katun, mai shago kuma ya kwafe babban fayil guda ya zuba masa ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, daga nan yara su riƙa tura wa junansu ta Xender har ya zagaye unguwa. Ba duk zane mai motsi ne na yara ba. Akwai waɗanda aka yi domin manya, kuma a fayil ɗaya suke zama da sauran. Shawarata ita ce uba ko uwa su zo da kansu, su faɗi sunan abin da suke so, a tura shi kaɗai.

A YouTube kuma, idan bidiyo ya ƙare wani yana tashi da kansa, kuma a watan Disamba tsakanin fim da fim akwai tallan kayan wasa da bidiyon yara suna buɗe kwalayen kyauta, wanda a ganina ya fi fim ɗin kansa cusa kwaɗayi, tunda shi ba labari a cikinsa sam sai buɗe kwali da ihu. Ana iya kashe wannan tashi da kai ɗin a saman bidiyon. Manhajar YouTube Kids, wadda aka fito da ita a 2015, tana da agogon da yake rufe kallo idan lokacin da aka sa ya cika, tana kuma ba iyaye damar zaɓar tashoshin da suka amince da su kaɗai. Dikodar DStv da GOtv da StarTimes duk suna da lambar sirri ta kulle tasha, sai dai mutane da yawa ba sa sauya lambar da ta zo da ita daga kamfani, yara kuwa sun riga sun san ta.

Haruffan da ake gani a jikin fina-finan Amurka suna da amfani amma kada a dogara da su. G na nufin kowa zai iya kallo, PG na nufin a kalla da kulawar iyaye, PG-13 da aka ƙara a 1984 kuma gargaɗi ne game da waɗanda ba su kai shekara 13 ba. Fim ɗin 1990 da Baba ya ambata PG ne. Abin da suka fi aunawa shi ne duka da zagi da tsiraici da shaye-shaye. Mayar wa uwa magana ba kasafai yake shiga ma'auninsu ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 kuwa, hannunsu ba ya kaiwa ga abin da yaro ya sauko da shi daga intanet a cikin ɗakin mahaifiyarsa.

Baban Hanifa, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode muku duka, Allah ya raya mana zuri'a. Malam Abu Mus'ab, iyakar shekara bakwai da ka sa ta yi daidai da ƙaramin ɗana, kuma zan yi aiki da ita. Ɗan Kafur, labarin Nikolas da 'yan matan nan uku zan ba yarana shi da bakina, domin ya fi abin da aka gina a kansa kyau nesa ba kusa ba.

Malama Maman Sadik, na yarda ƙorafin rashin zaman uba a gida gaskiya ne, kuma ya kamata mu maza mu faɗa wa junanmu shi a majalisun da kika ambata. Inda har yanzu nake tsaye shi ne, a duk waɗanda na kalla ban ga inda yaron ya koma ya nemi gafarar kalaman da ya faɗa da irin nauyin da uban ya nemi tasa ba. Sai a rungumi juna, kiɗa ya tashi, maganar ta wuce kamar ba a yi ta ba. Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "tir", kuma wannan hanin bai zo da sharaɗin sai iyayen ba su yi kuskure ba. Saboda haka tambayar da zan ƙara a kan taki bayan an gama kallo ita ce: me ya rage yaron nan ya faɗa wa mahaifiyarsa?

Ƙanena mai shagon waya, ina da tambaya gare ka. A cikin abin da kuke turawa, akwai katun na Hausa da aka yi da tatsuniyoyinmu ko ƙissoshin annabawa, mai kyan zane da sautin da yaro zai iya zama ya kalla har ƙarshe? Idan akwai, ka rubuto mana sunayensu a nan domin sauran iyaye su amfana, ka kuma bayyana mana mataki-mataki yadda ake sauya lambar sirrin dikoda.